Ina da CCNA amma jika 70 ake biyana: nawa ya kamata in nema, kuma ta yaya?

Wani matashi daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da difloma ta BTS a fannin kwamfuta, bara kuma na ci jarrabawar CCNA, takardar shaidar kamfanin Cisco kan rezo, wato haɗa kwamfutoci da juna, da kuɗin aljihuna. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani kamfanin kasuwanci a nan Maradi. Ni ke kula da kwamfutoci 25, da rezo, da kamarori, da rassa biyu a Tasawa da Dakoro. Jika 70 ake ba ni a wata, babu kwantiragi, babu rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, kuma har Lahadi kirana ake yi. Maigidan abokin mahaifina ne. Nawa ne albashin da ya dace da ni, kuma yaya zan nemi ƙari ba tare da na ɓata tsakani ba? Akwai kuma wata ƙungiya da ke neman ma'aikaci, sun ce in rubuta albashin da nake so."

Ƙanena, jika 70 ya yi kaɗan ga aikin da ka lissafa, wannan babu ja. Sai dai idan ka shiga wurin Alhaji maigidanka riƙe da takardar CCNA kana cewa ita ce dalilin ƙarin, da wuya ka fito da abin kirki. Shi bai san Cisco ba, kuma ba shi ya aike ka jarrabawar ba. Abin da ya sani shi ne ranar da rezo ya tsaya aka kasa fitar da takardar kaya, mota ta kwana a bakin sito, direba yana ta kira. Ya san ranar da aka yi gardama kan buhunan da suka fita aka koma kamara aka raba gardamar. A kan wannan yake biyan kuɗi, don haka a kan wannan za ka kafa maganarka. Takardar shaidar tana da amfaninta, zan zo kanta, amma matsayinta na bayan aikin.

Kafin komai ka zauna ka san abin da ake biyanka a gaskiya, domin jika 70 ɗin da kake faɗa ba shi ne ke shiga aljihunka ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta tsayar da aikin mako a kan awa 40, wato kusan awa 173 a wata. Mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 tun farkon 2024. Idan ka raba 42,000 da awa 173, kowace awa ta kama kusan sefa 242. To kai fa? Mu ɗauka da Asabar da kiran Lahadi da tafiyar Dakoro kana yin awa 60 a mako, wanda ba abin mamaki ba ne a aikinmu. Awa 260 ke nan a wata. Raba 70,000 da 260, ka samu kusan sefa 269 a awa. Yanzu cire esansin babur ɗinka da kiredin wayar da kake ƙonawa wajen yi wa mutanen Tasawa bayanin yadda za su sake tayar da na'ura. In sun ci jika 15 a wata, saura 55, kowace awa ta koma kusan sefa 211. Ma'ana mai BTS da CCNA yana karɓar abin da bai kai awar wanda ke kan mafi ƙarancin albashi ba. Ka sa lambobinka na gaskiya a wannan lissafin, ka rubuta awanninka na wata ɗaya cur a littafi, kada ka ƙara kada ka rage. Wannan takarda ta fi satifiket nauyi a teburin ɗan kasuwa, domin lissafi shi ne yaren da ya fi ji.

Ita ma takardar shaidar tana cin kuɗi, kuma mutane da yawa suna mantawa. Jarrabawar CCNA dalar Amurka 300 ce, abin da ke kaiwa jika 170 zuwa 180 gwargwadon canji, kuma shekara uku take yi ta mutu sai an sabunta. Raba kuɗin da wata 36, kusan jika 5 ke nan kowane wata da kake biya don kawai ka ci gaba da zama mai takarda, ban da kuɗin intanet na karatu da daren da ka hana kanka barci. CompTIA A+, takardar shaidar gyaran kwamfuta, ma shekara uku ce, kuma jarrabawa biyu ake zaunawa kafin a same ta. MTCNA ta MikroTik, wani kamfanin na'urorin rezo, wadda na fi ganin amfaninta a ƙananan ofisoshin garin nan saboda na'urorinsu ne suka cika ko'ina, ita ma shekara uku ce. Wanda ke amfana da iliminka ya dace ya ɗauki wani kaso na wannan nauyi.

Yanzu maganar nawa. Babu wata doka da ta ce mai CCNA kaza za a biya shi. Abin da ke akwai shi ne yarjejeniyar ƙwadago ta gama-gari, wadda ta raba ma'aikata aji-aji gwargwadon aikin da suke yi da iliminsu, kowane aji da mafi ƙarancin abin da za a biya shi, kuma ta tanadi ƙarin kuɗin daɗewa a aiki. Ka je ofishin sufeton ƙwadago na jihar Maradi ka nemi a nuna maka ajin da aikinka ya faɗa. Ba ƙara ka kai ba, tambaya ce, kuma aikinsu ne su amsa. Amma ka sani wannan ƙasan farashi ne kawai. Saman farashi kasuwa ce ke yanke shi, kuma kasuwar tana cikin garin nan: tambayi mutum huɗu ko biyar da ke irin aikinka, ɗaya a banki, ɗaya a kamfanin aika kuɗi, ɗaya a asibitin kuɗi ko makaranta mai zaman kanta, ɗaya a ƙungiya. Mu Hausawa ba ma son faɗin albashi, na sani. Kada ka ce "nawa kake ɗauka", ka ce "in an ɗauki sabon mutum a irin kujerarka, daga nawa ake farawa". Wannan kowa zai amsa maka.

Idan ra'ayina kake so, ga shi. Mutum ɗaya da ke riƙe da kwamfutoci 25, da rezo, da kamarori, da rassa biyu a wajen gari, yana da difloma da takardar shaida mai rai da shekara biyu a wurin, ban ga dalilin da zai sa ya karɓi ƙasa da ninki uku na SMIG a hannunsa ba, wato kusan jika 125, tare da CNSS, kuma kuɗin tafiya daban. Da ni ne, da 150 zan fara, in bar wa kaina wurin saukowa. Wannan hukuncina ne bisa nauyin aikin, kuma abin da mutanen da ka tambaya suka gaya maka shi zai ɗaga shi ko ya sauke shi.

Lambobin da kake gani a intanet kuwa, ka bar su inda suke. A Faransa mafi ƙarancin albashi kansa ya haura miliyan ɗaya na sefa a wata, don haka albashin mai gyaran kwamfuta a can ba ya gaya maka komai game da Maradi. Na Kano da Katsina ma sai da hankali, domin naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, adadin da ke da girma a baki kan ƙanƙance in an juya shi sefa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne rashin kwantiragi da rashin CNSS, har ya fi ƙarancin kuɗin damuna. Kana hawa tsani kana ɗaura kamara a saman sito, kana taɓa wayoyin kuran da gurup, kana bin hanyar Dakoro. Ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, wa zai biya magani? Asusun CNSS shi ke ɗaukar hatsarin wurin aiki, da kuɗin iyali, da fansho. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, maigida kuma yana zuba kashi 16.4 daga aljihunsa. A albashin jika 150, naka sefa 7,875 ne, nasa sefa 24,600. Ka riƙe wannan lamba ta biyu da kyau, domin ita ce ke sa masu gida da yawa suke ce wa yaro "bar maganar takarda, in ƙara maka jika 10 a hannu". Kada ka yarda. Jika 10 yau ba ta kai shekarun fanshon da ke zubewa ba, kuma rajistar ma'aikaci wajibi ce a kan maigida, ba abin da ake saye da sayarwa ba ne. Haka hutun shekara: doka ta ba ka kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, kwana 30 ke nan a shekara, da albashinka. Awannin da suka haura 40 kuma ana biyansu da ƙari a kan farashin awa.

A duk inda aka ambata maka adadi, ka tambaya: wannan kafin a cire ne ko bayan an cire? Tsakanin albashin da ke saman takarda da wanda ke shiga hannu akwai kason CNSS da harajin albashi, kuma harajin yana ƙaruwa ne yadda albashi ke ƙaruwa. Na sha ganin yara sun yi murna da adadi, ƙarshen wata suka ga an zaftare, suka ɗauka cuta ce alhali tun farko ne ba su tambaya ba.

To, yadda za ka tunkari Alhaji, wanda shi ne ainihin abin da ke hana ka barci. Abokin mahaifinka ne, uba ne a wurinka, kuma kunyar da kake ji tarbiyya ce, kada wani ya raina maka ita. Amma ita wannan kunyar ce ta ajiye ka shekara biyu a kan "ka fara zuwa mu gani". Addinin da ya koya mana girmama manya shi ne ya ce a fayyace lada. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce ijara tana halatta idan an yanke mata lokaci kuma an ambaci farashi. Hadisin biyan ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kuwa Alhaji ya fi ka saninsa. Neman a rubuta aikinka da ladanka ba rashin kunya ba ne, kuma ɗan kasuwar da ba ya sakin buhu ɗaya sai an rubuta zai fahimci hakan fiye da yadda kake zato.

Ka fara gaya wa mahaifinka, don kada ya ji a bakin abokinsa. Amma kada ka bar shi ya je ya yi maka cinikin. In manya biyu suka zauna, zumunci za su yi, a ƙare da "yaron ai namu ne", ka tashi da jika 5 da albarka. Kai za ka je da kanka. Ka nemi lokaci ku biyu kaɗai, ba a gaban yaran shago ko akanta ba, domin babba ba ya son a ga kamar an matsa masa. Kada ka je ranar biyan albashi, kada ka je ranar da wani abu ya lalace, kada ka je lokacin da kaya suka maƙale a iyakar Ɗan Isa. Ka je bayan wani aiki da ka gama kowa ya gani.

Kuma don Allah kada ka buɗe da kukan bukata. Da zarar ka ce haya ta ƙaru, ko aure ya matso, ko mahaifiya ba lafiya, ka mayar da maganar neman taimako. Alhazan Maradi ba su da rowa wajen taimako, zai sa hannu a aljihu ya ba ka jika 50 nan take, ka yi godiya, albashi kuma ya tsaya inda yake. Kyauta sau ɗaya ce, albashi kowane wata ne. Abin da za ka faɗa ya yi kama da haka: "Baba Alhaji, na gode da amanar da ka ba ni shekara biyun nan. Lokacin da na zo kwamfuta goma ce, yau 25 ne, ga kamarori, ga Tasawa da Dakoro. Na rubuto ayyukan da ke hannuna da awannin da nake yi. Ina son in ci gaba da zama tare da kai, shi ya sa nake roƙon a daidaita albashin da aikin: jika 150, da kwantiragi, da CNSS." Daga nan ka miƙa takardar da hannu biyu ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, kuma a nan mafi yawan samari ke rage wa kansu farashi tun ba a taya ba. In ya ce zai duba, ka ce to, yaushe zan dawo, ka samu rana.

A takardar ka sa abin da shi zai gane. Kwamfutoci nawa ka gyara da da an sayi sababbi. Sau nawa aka daina kiran mai gyara daga waje, da abin da ake biyansa a kowane zuwa. Bayanan lissafin da kake kwafewa kana adanawa, da abin da zai faru da basussukan da ake bin mutane in faifan ya ƙone ba kwafi. Tun Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, kowa a garin nan ya ga abin da ɗaukewar kuran da dawowarsa da ƙarfi ke yi wa na'urori, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu. In kai ne ka sa aka sayi batiran kariya, kake buɗe injuna kana busa ƙura kafin su mutu, rubuta. A ƙarshen takardar ne CCNA za ta zo, a matsayin shaidar cewa in an buɗe reshe na uku ba sai an ɗauko wani daga Yamai ba.

Zai iya cewa kasuwa ba ta tafiya, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin rufe iyaka da faɗuwar naira sun taɓa 'yan kasuwar Maradi sosai. A nan sai ka buɗe sauran ƙofofin. Ƙari kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan wata shida, a rubuce da kwanan wata. Esansi da kiredi a kan kamfani. Kuɗin tafiya na kowace fita Tasawa ko Dakoro, abinci da makwanci. Kuɗin sabunta takardar shaida. Ranar Lahadi taka ce, in an kira ka a biya. Abu ɗaya da ban yarda a sauko a kansa ba shi ne kwantiragi da CNSS.

Akwai wata hanyar da nake ganin ta fi dacewa da kamfanoni da yawa a nan, kuma samari ba sa tunaninta. In maigida ba zai iya biyan cikakken albashi ba, to kada ya riƙe cikakken mutum. Ku yi yarjejeniyar kula da na'urori: kana zuwa kwana biyu ko uku a mako, da adadin kiran gaggawa da aka yanke, a kan kuɗi tsayayye a wata, sauran kwanakin kuma ka kula da wata makaranta, da wani asibiti, da wani kantin magani. Wuri uku da ke biyan jika 60 kowanne sun fi wuri ɗaya mai 70, kuma in ɗaya ya tsaya ba ka faɗi ƙasa ba. Sai dai ka sani daga ranar ka zama mai sana'ar kanka: za ka nemi lambar haraji ta NIF don ka iya ba da rasit ɗin da ofisoshi ke karɓa, babu hutun da ake biya, kuma tanadin tsufa ya dawo wuyanka. Wannan hanya tana son mai tsari da cika alkawari. Wanda ba ya ɗaga waya kada ya fara.

Maganar ƙungiyar kuma daban ce. Manyan ƙungiyoyi suna da jadawalin albashi, kowace kujera da ajinta, kowane aji da matakansa. Mai ɗaukar ma'aikata ba zai iya fitar da kai daga ajin ba, amma yana iya ɗora ka a mataki na biyu ko na uku maimakon na farko, kuma a nan ne takardar CCNA da shekarunka biyu ke aiki da gaske, domin su takarda suke karantawa. A gurbin albashin da kake so, kada ka bar shi fanko, kada ka rubuta "duk abin da kuka ga dama", kuma kada ka ɗora a kan jika 70 ɗinka na yanzu. Ka rubuta daga kaza zuwa kaza, ka bayyana cewa abin da zai shiga hannu kake nufi, ƙasan ya zama adadin da in an ba ka ba za ka yi da-na-sani ba. In sun tambayi albashinka na yanzu kada ka yi ƙarya, ka faɗa, ka ƙara da cewa shi ne dalilin neman canji. Ka tambayi inshorar lafiya, wa da wa ta ƙunsa, da kuɗin fita aiki ƙauye, da tsawon kwantiragin. Mafi yawan waɗannan ayyuka na ƙayyadadden lokaci ne, rayuwarsu na rataye da kuɗin furoje, kuma tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da yanke tallafin da Amurka ta yi a 2025 an ga yadda furoje ke rufewa ba shiri. Albashin shekara ɗaya mai tsoka yana da kyau in ka shiga da sanin cewa shekara ɗaya ce, kana ajiya.

In ƙungiyar ta ba ka aiki a rubuce, kana iya komawa ka shaida wa Alhaji cikin ladabi, wataƙila ya daidaita. Amma kada ka yi barazanar tafiya alhali babu inda za ka. Garin nan ƙarami ne a wannan fanni, waya ɗaya za a buga a gane.

'Yan'uwa mata da ke wannan aiki, waɗanda ake yawan ce musu "ai ke mijinki ke ciyar da ke", su sani dokar ƙwadago ta wajabta albashi ɗaya ga aiki ɗaya ko mai daraja ɗaya, ba tare da duba jinsi ko shekaru ko asali ba. Duk lissafin da na yi a sama nasu ne.

Abu guda zan ja maka kunne a kai da ƙarfi. Kalmomin sirri na kamfanin suna hannunka, kuma wata rana in rai ya ɓaci wani aboki zai ce ka kulle komai har sai an biya ka. Kada ka kuskura. Cin amana ne, yana iya jefa ka hannun dokar laifukan intanet ta 2019, kuma babu ofishin da zai sake ba ka makullin rezonsa daga nan har Damagaram. In tafiya ta kama, ka ba da sanarwa a rubuce da isasshen lokaci, ka rubuta duk kalmomin sirri da taswirar rezon ka miƙa wa maigida hannu da hannu, ka nuna wa wanda zai gaje ka inda komai yake. Sannan ka karɓi takardar shaidar aiki, wadda doka ta ce a ba duk ma'aikacin da zai bar wuri, a rubuta ranar da ka fara da ranar da ka bari da aikin da ka riƙe. Tunda shekara biyun nan babu kwantiragi, wannan takarda ce kaɗai za ta tabbatar wa mai ɗaukarka na gaba cewa ka yi su, don haka ka neme ta tun kuna shiri da Alhaji.